Kaskon Awara Tsakanin Makarantu Biyu

Ni 'yar Mabai ce, kuma a gidanmu mata ba su san zaman ɗaka ba. Kakata ta wajen uba har ta bar duniya tana noma gayaunarta, 'yar gonarta ta kanta, da hannunta, ba ta taɓa shiga masallaci ko coci ba. Babana ya musulunta tun yana saurayi, ƙanensa ya bi 'yan mishan, amma dukansu abu ɗaya ta koya musu: kowa ya ci guminsa. Shi ya sa da aka kawo ni gidan mijina Malam, a wani gari da ke kusa da Yankara, ban daɗe ba na ce masa ni fa hannuna bai iya zama haka nan ba. Ya yi dariya, ya ce ai ga ƙofar makarantarsu can, in an fito tara yara ba su da abin saye sai rake. Haka na fara suyar awara a bakin firamaren gwamnati, kuma a bakin kaskon nan na goyi 'ya'yana duka.

Malam malamin aji biyar ne. Ɗan manomi ne daga can cikin dazukan Sabuwa, kuma duk wanda ya ɗan zauna da shi sai ya ji labarin bencinsu: yadda shi da ɗan maigari suka zauna kan katako ɗaya, malami ya zane su da tsumagiya ɗaya ranar da suka kasa lissafi. Yakan ce makarantar gwamnati ce kaɗai wurin da talaka ke shiga ba a tambaye shi ɗan wane ne ba. Na ji wannan magana har na haddace ta. Shi ne kuma sakataren ƙungiyar malamai a reshen yankinmu, aikin da ba ya kawo komai gida sai baƙi masu shan shayi.

Ba zan ce mijina waliyyi ne ba. Yana da taurin kai, kuma in ya fara bayani ba ya duba ko mai sauraro na da tuwo a wuta. Akwai ma abin da har yau ba mu daidaita a kai ba. Daga inda nake zaune ina ganin duk mai shiga da fita. Na san malaman da ke zuwa kullum, na san wanda ba a ganinsa sai ƙarshen wata, na kuma san wani da ke zuwa ya sa hannu, ya hau babur ɗinsa ya tafi acaɓa. Da iyaye suka kai ƙarar mai acaɓar nan aka so a sallame shi, Malam ne ya tsaya masa. Ya ce ba a bi ƙa'ida ba, in aka bari aka kori mutum ɗaya da baki kawai, gobe kowa ma sai a kore shi.

Na ce, "Malam, amma ai ka san ba ya zama aji."

Ya ce, "Na sani. Zan yi mishi magana."

Ya yi masa maganar. Mutumin ya zauna na 'yan kwanaki, ya koma gidan jiya. Iyaye kuwa ba su manta ba.

Makarantar ba rana ɗaya ta lalace ba. Da farko 'ya'yan manya ne suka ɓace. Sai ka ji an kai wane Funtua, an kai wance Katsina. Ni a kaskona na fara ganewa, don masu sayen awara da yawa har su raba wa abokai su ne suka fara raguwa. Sai wata iskar farkon damina ta yaye kwanon azuzuwa biyu ta jefa shi gonar mutane. Aka zo aka duba, aka ɗauki hoto, aka tafi. Bayan haka 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan da ke bayanmu, mutane suka kwararo gari da tabarmi da tukwane a ka, ba inda za a sa su sai makaranta. Aka ba su wasu daga cikin azuzuwan da ke da rufi. Ban ga laifinsu ba, wasunsu ma dangin Malam ne. Amma wanda ya gudo da ransa ba ya tambayar itacen da zai dafa wa 'ya'yansa abinci na waye, a hankali bencuna suka shige murhu. 'Ya'yansu kuma suka ƙaru a kan na gari. Ajin Malam ya cika har ƙofa, yara zaune a ƙasa gwiwa na gogar gwiwa, na baya ba sa ganin allo, na gaba suna shan ƙurar alli. In hadari ya haɗo sai a kaɗa ƙararrawa kowa ya kama hanyar gida.

Su ma malaman abin ba daɗi. Ƙarin girma a takarda yake tsayawa, albashi ya zo a makare, a kuma gutsure shi ba bayani. Da ƙungiya ta fara maganar yajin aiki, Malam ya fi kowa zafi. Ya je taro Katsina ya dawo murya a dishe, ya ce mini ya tsaya kai da fata sai da aka sa maganar rufi da bencuna da ɗaukar sababbin malamai cikin buƙatu. Ya ce, "Wanga karo ba don cikinmu kaɗai za mu yi ba." Na yarda da shi. Ranar da aka rufe makarantar na kife kaskona na zauna gida, ina ganin abin ba zai ɗauki lokaci ba.

Yajin ya ja. Damina ta yi nisa, masara ta yi goyo, ba labari. Yara suka watse, wasu gona, wasu tallar gyaɗa, wasu yawo a tasha.

A tsallaken titi, daura da makarantar, akwai wani dogon sito na wani Alhaji mai sayen hatsi. A da duk kaka cike yake da masara da waken suya, a wurinsa ma nake sayen waken awarata. Amma tunda gonakin daji suka gagari noma, ɗakunan suka zauna wayam. Wata safiya sai muka ga magina suna fasa tagogi a bangon. Aka shafa fenti shuɗi da fari, aka kawo sababbin bencuna daga Funtua, aka kafa allo mai dogon suna na Turanci. Ba a jima ba sai ga yara da riguna iri ɗaya da farar safa, har da 'yar igiyar wuya irin ta ma'aikatan banki.

Mu kuwa buhun masararmu ya kusa ƙasa, albashin Malam an riƙe shi saboda yajin. Daga tsakar gidana nake jin ƙararrawar tara. Ranar nan bayan ya idar da sallar azahar na kawo masa abinci, na ce gobe zan fitar da kasko.

Ya ce, "Ki kai shi ina? Makaranta a rufe take."

Na ce, "Akwai wadda ke buɗe."

Ya cire hannunsa daga kwanon. "Ki je ki zauna ƙofar sito? Matar sakatare? Kin san abin da za a ce?"

"Za a ce matar sakatare na neman abin da sakatare zai ci."

Ban so maganar ta fito haka ba, amma ta riga ta fito. Sannan ya ce abin da Alhaji ke yi ba makaranta ba ce, kasuwa ce, kuma duk wanda ya taimaka mata ta tsaya da ƙafafunta yana cikin masu haƙa wa ta gwamnati kabari. Na ce ni ba boko nake sayarwa ba, awara ce. Na ce in ya hana ni ba zan je ba, amma ya faɗa mini abin da zan ɗora a wuta gobe. Bai hana ba, bai kuma ce je ki ba. Ya tashi ya ɗauki hularsa ya fita. Washegari na tsallaka titi.

Ciniki kam na yi shi, irin wanda na daɗe ban gani ba. Kuma gaskiya ce, a can malami ba ya makara, don Alhaji da kansa yake tsayawa bakin ƙofa yana duba agogo. Ana karatu tun safe har a tashi, ko ruwa ko rana. In na ce ban ji daɗin ganin yara zaune kan benci ƙarƙashin rufi ba, na yi ƙarya.

Amma zaman bakin ƙofa yana nuna wa mutum abin da ba a rubuta a allon talla ba. Yawancin malaman yara ne da suka gama sakandare jiya-jiya, wasunsu Malam ne ya koya musu haɗa baƙi. Abin da ake ba su a wata bai kai abin da nake samu a kasko ba, kuma ba wanda ya isa ya buɗe baki. Akwai wata malama 'yar Kankara da aure ya kawo ta garinmu, mai haƙuri, takan zo ta zauna kusa da ni ta ci awara da yaji mai yawa saboda laulayi. Da cikinta ya tsufa ta nemi hutun haihuwa, aka ce ta je ta huta gaba ɗaya. Kafin ta kai gida an sa wata a ajinta. Ta biyo ta wurina tana share hawaye da bakin hijabi, ta ce, "Mama, ki gaya wa Malam ko ƙungiya za ta sa mini baki." Na gaya masa. Ya ce ƙungiya ba ta da hurumi a makarantun kuɗi, ita kuma ba 'yar ƙungiya ba ce. Ƙasa yake kallo lokacin da yake faɗa.

Sai kuma ranakun kora. In zango ya yi tsakiya, akan bi aji-aji a fito da waɗanda iyayensu ba su cika kuɗi ba. Ƙanana sukan tafi gida da kuka. Manyan ba sa tafiya, don sun san ba abin da za su tarar. Sai su jeru jikin katanga kusa da murhuna, da safarsu da igiyar wuyansu, suna jin 'yan ajinsu na bita ta taga har a tashi.

Abin da ya fi ci mini rai daban ne. Wata safiya babur ya tsaya gabana ya sauke yara. Na ɗaga kai, sai ga Hedimasta, shugaban mijina. Ya gaishe ni sama-sama ya juya. Ba a yi kwanaki ba na ga motar ciyaman na ƙungiya, mutumin da ke zuwa zaurenmu yana dukan tabarma yana cewa ilimi haƙƙi ne ba haja ba, ita ma ta sauke nasa. Na kuma gane wasu malaman makarantar Malam, 'yan yajin aiki, suna shiga ta ƙofar baya inda ake sauke buhuna a da, su ke koyar da manyan azuzuwa. Ɗaya daga cikinsu mai acaɓar nan ne da Malam ya tsaya wa. A wurin Alhaji ko sau ɗaya bai makara ba.

Na yi ta juya maganar a raina kafin na faɗa masa. Da na faɗa bai yarda ba, ya ce ƙila masu kama da su na gani. Na ce gani ya kori ji. Washegari da safe ya zo ya tsaya a rumfar mai faci, can gefe, yana kallo har aka shiga aji. Bai ƙaraso wurina ba.

A taron reshe na gaba ya tayar da maganar a gaban kowa. Ban je ba, matar wani malami ce ta ba ni labari, shi ma daga baya ya ba ni nasa. Ya ce da wane baki za su ce wa gwamnati ta gyara makarantar da su da kansu suka kwashe ɗiyansu daga ciki? Wa zai sayi tuwon matar da ba ta ba 'ya'yanta shi? Ciyaman ya bari ya gama, sannan ya ce, "Malam, ƙungiya tamu ce mu duka, amma ɗana nawa ne ni kaɗai. In ka ga dama ka bar naka su yi ta jiran rufi." Wani daga baya ya ce, "Ai ko matarka ta riga mu tsallakawa." Aka yi dariya. Wannan dariyar ta fi komai tsaya masa a rai. Ya yi kwanaki ba ya cin abin da na dafa, sai ya jiƙa gari ya sha, kamar garin ma ba da kuɗin awara aka saye shi ba.

Yajin ya ƙare bayan an karye masara. Manyan ƙungiya suka zauna da manyan gwamnati, aka sanar a rediyo an daidaita. Za a saki albashin da aka riƙe, za a duba ƙarin girma. Malam ya kara rediyon a kunne yana jiran a zo kan rufi da bencuna, sai aka shiga labarin wasanni. Da ya tambaya aka ce masa an kafa kwamiti.

Aka buɗe makaranta. Duk wanda ke da tunkiyar sayarwa bai dawo da ɗansa ba. Waɗanda suka dawo su ne 'ya'yan 'yan gudun hijira, da marayu, da namu. Sai tsakiyar zango ajin ke ƙara cika da waɗanda aka koro daga tsallake, su zo da rigar makarantar Alhaji su zauna a ƙasa, in uban ya samu kuɗi su sake ɓacewa. Ni ban dawo da kaskona ba. Yaran da suka rage a tsohuwar ƙofa ba a ba su kuɗin tara.

Da shekara ta zagayo Alhaji ya so ya buɗe sakandare, amma ba shi da fili. Makarantar gwamnati kuwa tana da babban fili a bayanta inda yara ke ƙwallo. Aka kira taron iyaye da malamai a inuwar bishiyoyin makarantar, mu mata muna gefe kan tabarmi. Wani jami'i ya zo daga ofishin ilimi da babbar riga, ya yi dogon bayani kan haɗin gwiwa da 'yan kasuwa. Ya ce gwamnati ita kaɗai ba za ta iya ba, ko'ina ma haka ake yi yanzu. Za a ba Alhaji aron filin na shekaru masu yawa, shi kuma zai rufe azuzuwan nan da iska ta yaye.

Malam ya miƙe. Ya ce filin nan kakannin mutanen garin ne suka bayar kyauta don 'ya'yan kowa. Ya ce rufin aji haƙƙi ne a kan gwamnati, ba sadakar da za a saya da fili ba. Ya ce yau fili ne, gobe azuzuwan, jibi talaka ya nemi inda zai kai ɗansa ya rasa. Ban taɓa jin ya yi magana mai kyau kamar ta ranar ba, kuma bai ja ta da tsawo ba.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, ni ban yi boko ba, ka fi ni sani. Amma ba ni na yaye kwanon nan ba, ba ni na rufe makaranta damina guda ba. Ƙofa na buɗe, mutane suka shigo da ƙafafunsu. In kun gyara taku gobe, ni sai in koma awon masara."

Sai wani tsoho manomi, wanda jikokinsa ke ajin Malam, ya nemi a ba shi dama. Ya ce, "Malam, kai kam ba mu da abin cewa a kanka, kullum kana nan. Amma da muka kawo kukan malamin da ba ya zama aji, wa ya tare mishi? Da kuka tafi yajinku, wa ya shawarce mu? Kun samo albashinku, mu mi muka samu? Wanga ko ba komai ya ce zai yi rufi. Ku bar mu mu karɓi rufin."

Hedimasta yana ta latsa wayarsa, ciyaman bai ma zo ba. Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu, hannuwa suka tashi kamar karan dawa. Na duba cikin malamai, Malam kaɗai ne hannunsa ke kan gwiwa. Ni ma ban ɗaga ba, amma ba wanda ya dubi wajen tabarmin mata.

Alhaji ya cika alkawari, ya yi rufin da kwanon da ya fi kowane arha a kasuwa. Ya kuma ja doguwar katanga ya zagaye filin, aka dasa fasassun kwalabe a samanta. Tun daga lokacin, in an fito tara, yaran gwamnati a bakin titi suke wasa.

Malam bai haƙura ba. Ya rubuta koke, ya bi ofis-ofis, har ya buga waya wani shirin rediyo ya faɗi abin da ke ransa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ba a daɗe ba aka canja masa wurin aiki, aka tura shi wata makarantar ƙauye can wajen iyaka da Sabuwa, inda malamai suka daɗe da gudu. Ya kai kukansa ƙungiya, shi da ya saba tsaya wa kowa. Aka ce canjin wurin aiki ba hukunci ba ne, yana cikin ƙa'ida. A zaɓen da ya biyo baya aka ba wani kujerar sakatare.

Na roƙe shi ya ajiye aikin. Hanyar nan ba wanda bai san ta ba, ramuka ne da daji, kuma ba ramukan ake tsoro ba. Ya ce can ma yara ne, kuma shi daga irin wurin ya fito. Yakan bi ayarin masu babura ran Lahadi, ya sauka a zauren maigari, ya dawo ran Juma'a in hanya ta yi kyau. In an ji motsi a daji sai mako ya wuce ba mu gan shi ba, ni kuma in yi ta suya ina duba wayar da sau da yawa kira ba ya shiga.

Autarmu tana aji huɗu lokacin. Yayyenta duk makarantar gwamnati suka yi, amma gaskiyar magana a tsakar gida suka koyi karatu, wajen ubansu bayan la'asar. Ita kuwa uban ya yi nisa, kuma ajinsu malami ɗaya ne ke haɗa su da 'yan aji uku. Wata Juma'a da ya dawo ya miƙa mata littafi ya ce ta karanta masa. Ta yi ta i'ina, ta tsaya cak a kalmar da bara take wucewa a guje. Ya karɓi littafin ya rufe, ya ce ta je ta yi wasa.

Ina bakin rijiya ina wanke waken da zan jiƙa, ya zo ya tsaya a kaina.

Ya ce, "Nawa ne kuɗin zango a tsallake?"

Na faɗa masa.

"Za ki iya?"

Na ce zan iya.

Ya ce, "To ki kai ta. Amma ki bari sai na tafi."

Na so ya yi faɗa. Na so ya ce ni na ja mana, ko ya zagi Alhaji, ko gwamnati. Sai kawai ya juya ya koma ɗaki. Ni da na fara tsallaka titin, ni ce na ji kamar in ce a'a. Ran Litinin na kai ta. Duk ranar da zai dawo nakan cire rigar makarantarta daga igiya in sa a ƙasan akwati, shi kuma bai taɓa tambayarta abin da aka koya musu ba.

Ya yi sauran shekarunsa a ƙauyen har ritaya ta zo. Allah ya tsare shi daga sharrin hanya, amma ya dawo da hawan jini da ƙafa mai kumburi. Makarantar da ya baro can an rufe ta bayan tahowarsa, don ba a tura kowa ba. Ta garinmu tana nan, mutane na ce mata makarantar 'yan gudun hijira, ko da yake yawancin yaran da ke ciki a garin aka haife su. Makarantun kuɗi kuwa sun ƙaru, har da wadda aka buɗe a garejin wani.

Kwanan baya ya je Katsina tantancewar 'yan fansho, don har yanzu kuɗin sallamarsa bai fito ba. Ya dawo bayan la'asar a gajiye, ya zauna kan tabarma ya miƙe ƙafar, na kawo masa ruwa. Ya ce a wurin layi ya haɗu da tsohon ciyaman. Shi ba layin ya je bi ba, nasa ya daɗe da fita, wani ya rako. Ya gaya wa Malam ya gina makarantarsa a Kankara, har da bene, yana neman tsohon malami mai gaskiya wanda zai riƙe masa ita, wanda iyaye za su gani hankalinsu ya kwanta. Wai duk yankin bai san wanda ya kai Malam ba.

Na yi dariya, ina jiran in ji irin amsar da ya ba shi, don na san bakin mijina.

Na ce, "Mi ka ce mishi?"

Ya shanye ruwan, ya ajiye kofin a hankali. Ya ce, "Na ce zan yi shawara."

Ya sa hannu yana matsa ƙafar. Sannan ya tambaye ni ko farar babbar rigarsa tana nan da kyaunta, ko sai an kai wa mai guga.